Abin da Na Gani a Fuskar Malama Talatu

Na san abin da kuke faɗa, ku 'ya'yana, idan aka tuno shekarar da aka yi aikin fassara a tsakar gidanmu na Tudun Wada. Kukan ce Inna ba ta son Malama Talatu don 'yar boko ce, ko kuma Inna na tsoron waya da kwamfuta kamar sauran tsofaffi. Safiya har kwaikwayona take yi, yadda nake dire kwanon fura a gaban baƙuwar in juya ba ko sannu, ku yi ta dariya, ni ma in taya ku. To ba haka abin yake ba. Yayarku ta sani, ba ta kuma gaya wa kowa ba, babanku ma har ya koma ga Allah bai ji ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna tun ina iya riƙe biro.

Yayarku ita ce 'yar fari, kuma a gidan da na tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi sai dai ta kira wata ta ɗaga shi. Ku da kuka zo daga baya na goya ku na yi muku rawa, ita kuwa ina yaye ta kakarku ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Tudun Jukun. Tana shekara shida ƙyanda ta kama ta, ta tashi babu ido. Ba a jima ba tsohuwa ta rasu, aka dawo min da yarinyar da ban san ta inda zan taɓa ta ba. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta in ce "yarinyar nan". Da babanku ya kai ta makarantar makafi ta koyi rubutun nan da ake shafawa da yatsa, sai ya zamana yawancin littattafai babu su a irin wannan rubutu, dole a sami mai karanta mata. Shi kullum yana kan keken ɗinki a shago. A nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren bayan layinmu. Matan unguwa sun ɗauka so nake in riƙa karanta katin biki da kaina. Na bar su a haka. Hausa na iya sosai, Turanci kuwa harafi-harafi nake kira mata, ita ta haɗa ta gane kalmar, wani lokaci tun ban kai rabi ba.

Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, karatun nan ne ya buɗe min ƙofa. In ina karanta mata, da takarda nake magana, ba da ita ba, don haka ba wanda zai ce na yi rashin kunya ko da kafaɗarta na jingine da tawa. Daga karatu aka shiga kwatance. A gidan biki ina zaune kusa da ita ina gaya mata a hankali: amarya ta sa leshi ruwan ƙwai, ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, uwar ango tana murmushi amma idonta na kan tukunyar nama. Ta yi ta danne dariya a cikin mayafi. Ni na gaya mata kalar kowane zane da ta taɓa ɗaurawa, da yadda hadari ke haɗuwa ta gabas, da ranar da furfura ta fara fito wa babanku. Abin da sauran uwaye ke yi da runguma, ni da baki na yi shi, shekara kusan ashirin.

Sai waya ta zo. Ta sami irin wadda ke magana, tana shafa gilashin wata murya na karanto mata duk abin da yatsanta ya taɓa, da sauri kamar mai gudun ruwa. Turanci ba ta tuntuɓe, Hausa kuwa in ta karanta sai ka ce Bature ne mai mura. Na yi murna a fili, na ce Allah Ya sanya alheri. Amma na lura an daina kirana in kira haruffa. Na kan wuce ƙofar ɗakinta da hantsi, lokacin da muka saba zama, in ji muryar nan tana aikina. Abin da ya rage min shi ne hotuna, don in ta shiga wani shafi na intanet, wayar kan ce mata "hoto" kawai ta yi shiru. Sai ta ɗaga murya ta ce Inna zo ki gani. Allah Ya yafe min, har daɗi nake ji in wayar ta gaza.

Malama Talatu tana koyarwa ne a jami'a, ɓangaren Kongo, gidanta kuma a Hanwa. Ta girme ni kaɗan, doguwa, mai tabarau da wushirya. Yadda yayarku ta yi min bayani, akwai wasu ƙa'idoji da aka rubuta da Turanci a kan yadda za a gina shafin intanet don kowa ya iya amfani da shi: makaho, da kurma, da mai rawar hannu, da tsohon da idonsa ya yi rauni. A sa rubutu a ƙarƙashin bidiyo saboda wanda ba ya ji. Kada a ce danna ja ko danna kore a tsaya nan, don akwai wanda ba ya bambance su. Kowane hoto a rubuta masa bayani a ɓoye, wanda waya za ta karanta wa marar gani. Mutanen wasu ƙasashe sun juya ƙa'idojin zuwa harsunansu, su kuma suna so su juya su zuwa Hausa saboda samarinmu masu gina shafuka, da kuma makafi da kurame su san abin da ya kamata su nema. Malama ta san Turanci, yayarku ta san inda abin ke yi wa mutum ciwo. Duk Laraba da Asabar sai Malama ta zo, a shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, a buɗe kwamfuta, su yi ta gardama a kan kalma guda har inuwa ta juya.

Ba aikin ne ya dame ni ba, ku ji da kyau. Matar nan tun daga zaure take kwaɗa kiran sunan yayarku, gaba ɗayansa, har da jan ƙarshe. Ta zauna ta kama hannunta. In yarinyar ta samo kalmar da ta dace sai ta rungumo ta, ta ce kai, wannan kan naki Allah Ya tsare shi. Ni ina bakin murhu ina jin sunan da na haifa ban taɓa furtawa ba yana yawo a tsakar gidana a bakin wata. Yayarku kuma ta koma Malama ta ce, Malama ta ce, ko miya ta yi gishiri sai an ji yadda Malama ke yin tata. Rannan na ji suna neman yadda za su kira bayanin nan na hoto, wannan ta kawo kalma waccan ta ture. Kalmar tana bakina, sana'ata ce. Ba wanda ya waiwayo ya tambaye ni, ni kuma na ci gaba da tuƙa tuwo har ya yi gudaji. Babanku ya lura. Ya ce min, ke, matar nan alheri take yi mana, ki riƙa sakin fuska. Na ce fuskata ke nan, Malam, da ita aka haife ni.

Da suka gama kashi na farko, cikin damina, aka shirya taro a Kongo don a karanta wa masu gina shafuka su ji. Babanku ya ce lallai in raka ta. Tun a gida yayarku ta gaya min abin da ke cin ranta. Ta ce ta sha zuwa taron da ake gayyatar makaho don kawai a zaunar da shi a gaba a ɗauki hoto, in ya yi magana a tafa masa kamar yaro ya yi tatata, a tashi ba a riƙe ko ɗaya ba. Ta ce wannan karon tana jin ba haka ba ne, saboda Malama. Muna isa Malama ta karɓe hannunta daga nawa ta kai ta gaba, ni aka nuna min kujera a gefe, inda nake ganin su duka biyun. Yayarku ta miƙe ta yi magana ba takarda. Ta sa wayarta ta shiga wani shafi, kowa ya ji muryar tana cewa hoto, hoto, hoto, ta ce musu wannan shi ne abin da kuka gina min, ɗaki ne da ƙofofi goma duk ba mariƙi. Ni ban iya kallonta sosai ba, kunya ta hana, sai na riƙa kallon Malama Talatu. Abin da na gani a fuskarta, da ma ban gan shi ba.

A hanyar komawa muna cikin napep, ana yayyafi, direba ya saki labulen leda. Yayarku ta matso ta yi ƙasa da murya kamar yadda muke yi a gidan biki.

"Inna, da nake magana, yaya fuskar Malama take?"

Ban shirya ba, wallahi. Amma kuma ban yi tuntuɓe ba, da muryar da na saba na faɗa.

"Wayarta take dannawa. Sau biyu ta dubi na kusa da ita ta taɓe baki."

Ta ce, "To." Ta juya fuskarta wajen labulen har muka sauka a bakin layi.

Ranar Laraba ta ce in Malama ta zo a ce ba ta jin daɗi. Asabar ma haka. Wayar ta yi ta kiran sunan Malama tana kashewa. Ta daina fitowa gindin mangwaro, ta koma kirana da hantsi in zauna da ita, in karanta mata tsofaffin littattafan Hausa da muka gama tun tana yarinya. Na sami abin da nake so. Kafaɗarta ta dawo jikin tawa. Sai dai ba ta dariya a wuraren da ta saba, in na tsaya kuma ba ta cewa ci gaba. Abinci ta rage. Mako uku muka yi a haka, ina gaya wa kaina cewa zai wuce, ai dama aikin sa kai ne, wasu za su ƙarasa.

A mako na huɗu Malama Talatu ta zo da safe, ba ta kira suna daga zaure ba, ta yi sallama kawai. Ta same ni ina tsince shinkafa, ta durƙusa ta gaishe ni duk da ta girme ni. Ta ce ba ta san laifin da ta yi ba, in kuwa ta yi a roƙa mata gafara, aikin ya tsaya cak don ba wanda ya san abin kamar yarinyar. Sannan ta ciro takardu daga jaka, an buga su da manyan baƙaƙe. Ta ce akwai wani mataki da suka ajiye tun farko: sai an ba wanda ya iya karatun Hausa amma bai yi boko mai zurfi ba ya karanta, duk inda ya tsaya ya ja layi, don in shi bai gane ba to fassarar ba ta yi ba.

"Tun ranar da muka fara 'yarki ta ce ke za ki yi mana, Inna. Ta ce kada a gaya miki sai an gama, don kada ki ga kazantar aikin. Wai ba ta son ki ji Hausarta da gudaji."

Na karɓa. Ko ruwa ban ba ta ba ranar, wannan kam Safiya ba ta yi min ƙarya ba.

Kwana huɗu ina bin takardun da yatsa bayan azahar. Na ja layi a wurare da yawa, don akwai inda Hausar ke tafiya da takalmin Turanci. A rana ta huɗu na iso wurin hotuna. Kalmar da suka zaɓa ita ce kwatance, wadda ta tsaya min a baki rannan. A ƙarƙashi akwai ɗan ƙarin bayani da masu fassara suka sa da kansu don mai karatu ya fahimta, na kuma gane maganar wace ce tun daga layin farko. An rubuta cewa mai gina shafi ya yi kwatance kamar yadda uwa ke gaya wa 'yarta marar gani abin da ke gabansu, kada ya ƙara, kada ya rage, kada ya zaɓar mata abin da ya ga ya fi mata, domin ba ta da wata hanyar da za ta bi ta gano ko gaskiya aka gaya mata. Na karanta sau uku. Ban ja layi ba, don babu kalmar da ban gane ba.

Washegari da hantsi na same ta a ɗaki tana ninke kaya. Ban zauna kusa da ita ba, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce mata abin da na faɗa a napep ƙarya ne, Malama ba ta taɓa waya ba, ba ta taɓe baki ba. Na ce kishi ne ya sa ni, ban kuma iya yi mata bayanin kishin mene ne ba, don bayanin yana buƙatar maganganun da bakina bai saba da su ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta har ta daidaita bakinsa.

"Sau nawa, Inna?"

"Sau ɗaya ne."

"Uwar angon nan mai kallon tukunya fa?"

"Wannan gaskiya ne."

Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye.

"Da nake tambayarki ko farin idona na tsorata yara, kike cewa a'a?"

Na riƙe ƙofar. Wannan tambayar tun tana 'yar shekara tara take yi min ita, duk sanda muka shiga gidan mutane ta ji yaro ya yi shiru.

"Ƙananan sukan ɓuya bayan uwarsu," na ce. "In sun saba sai su fito."

"To sau biyu ke nan," in ji ta. "Na gode da kika faɗa."

Ta ɗauki wayarta, ina tsaye ta kira Malama, ta ce mata ta warke, Laraba tana nan. Ba ta gaya mata dalili ba, ni ma ban gaya mata ba, har yau ban san ko ta gane ba. Aiki ya ci gaba. Na karanta musu kowane shafi har ƙarshe, wani wurin sai da suka sake shi sau uku kafin in daina jan layi. Malama ta riƙa cewa Inna ta fi duk malaman Kongo tsanani. Ban daina jin zafi ba in ta kira sunan, kada in yi muku wata ƙaryar, sai dai na koyi kawo fura da ludayi in kuma tsaya a gaisa. Da aka gama aka sa fassarar a intanet, yayarku ta kunna min na ji wayar tana karanto ta da muryar nan ta mura.

Ga abin da na biya. Yayarku ba ta taɓa yi min gori ba, ba ta rage min komai na ladabi ba. Har gobe tana tambayata kalar zane, da ko hadari ya taso, da ko shinkafa ta yi tsakuwa. Amma daga ranar ba ta sake tambayata fuskar mutum ba. A gidan biki muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ina ganin abubuwa, suna taruwa a bakina, ba a tambaya. Ranar da manemin aurenta ya fara zuwa gaishe mu, sai ta ja Safiya gefe ta tambaye ta yadda fuskarsa take. Ranar da ta haihu ta shafa fuskar jaririyar da yatsunta, sannan ta ce Safiya, wa ta ɗauko? Ina tsaye a wurin da ruwan zafi a hannu, na riga kowa ganin cewa haɓar babanku ce. Ban ce ba. Ba a hana ni ba, amma na san bambancin abin da aka tambaye ka da abin da ka cusa.

Safiya ta yi min alkawari za ta buga wannan rubutu a kwamfuta ba tare da ta gyara min komai ba, ta tura wa kowannenku. Na san ke nan yadda zai isa ga yayarku: muryar nan da na yi kishi da ita ce za ta karanta mata, tana tauna Hausata. Ba komai. Ita dai ba ta ƙari, ba ta ragi. Saboda haka, ke, ga amsar tambayar da kika yi min a napep, yadda ya kamata in ba ki ita tun ranar.

Malama tana zaune a kujera ta biyu daga dama, da mayafi ruwan toka, jakarta a ƙasa, wayarta a cikin jakar. Tun da kika miƙe ba ta dubi kowa ba sai ke. Leɓenta na motsi tare da naki, kamar mai tsoron kada ki manta kalma, ba ki kuwa manta ba. Da wayarki ta yi ta cewa hoto, hoto, ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi, ta mayar a karkace ba ta sani ba. Da kika gama ba ta tafa ba, hannunta na dama na dafe a ƙirji, tana murmushi har wushiryarta ta fito. A gefe kuma, kusa da taga, akwai wata mata da atamfa shuɗiya wadda ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta. Da a ce uwar taki ta ɗago, abin da ke fuskar Malama shi za a gani a tata.